Tarwaɗar Gafasa da Tekun Falona

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan La'asar

Gishiri daidai. Zafin ruwa ya ɗan haura, amma injin sanyayawa yana ƙoƙari, ya fi wasu mutane da na sani.

Yau sati uku da na cika tankin gilashin da ya cinye rabin falo. Jarka hamsin na tataccen ruwan burtsatse, da gishirin teku na buhu wanda ba a miya da shi, da duwatsun da aka ɗebo daga ƙarƙashin teku. Abdulhakeem, tsohon ɗalibina da ke sana'ar kifin ado a Legas, shi ya turo min tankin da kayansa har Gaya, kyauta, daga wani otal da ya rufe. Ya ce kunya yake ji a ce malamin da ya shekara ashirin da shida yana zana wa yara tekuna a allo bai taɓa ganin teku ba. Na ce masa ai na ga dam ɗin Tiga. Ya yi dariya har ya ƙware.

Sharaɗinsa ɗaya ne: ruwan ya yi sati shida babu kifi, sai ya nuna. Ban san ruwa yana nuna ba sai bana. Kafin nan aikina shi ne in tsara waɗanda za su zauna ciki. Sunayensu na Turanci ba sa zama a bakina, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Ɗan Kama, ɗan ƙarami mai ruwan lemo da farar ɗamara, yana tafe yana rangaji, shi biyu nake so. Akwai Mai Shuni, da Ɗorawa. Akwai Wanzami, siriri, wanda sana'arsa tsince ƙazantar jikin sauran kifaye, har layi suke yi masa. Sai Beguwa, mai tsinkaye a baya, wadda na fi so duk cikinsu.

Matata Wasila tana Gafasa, gidan mahaifinta. Yau kwana shida. Ba wannan na zauna rubutawa ba.

Talata, 15 ga Afrilu, azahar

Na dafa taliya. Babu littafin da ya gaya min tana ci gaba da dahuwa bayan an sauke.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe goma na safe

Na karanta wa Abdulhakeem jerin sunayen a waya. Na zaci zai yaba.

"Sa, Mai Shuni da Ɗorawa sigarsu ɗaya. Wanda ya riga shiga zai ɗauka gidan ubansa ne, ya kashe baƙon."

"To in zuba su tare?"

"Tare, kuma a ƙarshe. Masu haƙuri ake fara sakawa su kama wuri, masifaffu su zo daga baya."

"Beguwa fa?"

"Sa, duk abin da ya shiga bakinta abincinta ne. In Beguwa kake so, ka yi wa Ɗan Kama sallah tun yanzu."

Na ce a littafin da na karanta an ce in tanki ya kai girman nawa suna iya zama tare. Ya ce, "Sa, mai littafin bai taɓa kwasar gawa da sassafe ba. Ni na kwasa."

Wannan shi ne yaron da na sha wahala kafin ya gane inda gabas take.

Na soke Beguwa. Na mayar da ita. Na sake soke ta da fensir.

'Yata Hamdiyya ta kira daga makaranta a Kano. "Abba, ka kira Umma kuwa?" Na ce layin Gafasa ba shi da kyau. Ta ce ita kullum tana samunta.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan Azahar

Yaya Hure ta zo daga Balan. Tun rasuwar iyayenmu ita ce uwa ita ce uba, kuma duka muƙaman biyu da tsawa take riƙe su. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya gaban tankin.

"Ina kifin?"

"Ruwan ne bai nuna ba, Yaya."

"Allah ya shirye ka, Da'u. An ce a gaban maza sun fi talatin ka kunyata surukinka."

Tunda ta tono, bari in rubuta sau ɗaya in huta. A gidan suna ne a Gafasa. Aka tambaye ni labarin tankin, ina bayani, sai surukina Alhaji Barau ya ce shi dai a saninsa gawar kifi ake sa wa gishiri, ruwan gishiri ba ya riƙe mai rai. Na ba shi amsa. Amsar gaskiya ce, duk wani littafi zai goyi bayana. Gajeriya ce kuma. Matsalar ita ce an yi dariya, dariyar kuma ta tsallaka katanga ta isa wurin mata. Da aka tashi Wasila ta ce in yi gaba za ta biyo ni. Ba ta faɗi ranar ba.

Abin da na ce ba zan rubuta shi a nan ba. Takarda ma tana da kunya.

"Mutumin da yake su a kogi tun kana tsumma," in ji Yaya, "ya ɗauki 'yarsa ya ba ka, shekara ashirin da biyu bai taɓa ɗaga maka murya ba. Ka je ka durƙusa."

"In ce masa me? In ce babu kifi a teku?"

"Ka ce masa bakinka ya fi hankalinka sauri. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Ta buɗe tukunyar da na yi girki, ta rufe, ta yi salati.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Gishiri daidai.

Laraba, 23 ga Afrilu, gab da Magariba

Wata sabuwa. Gwaggo Hanne maƙwabciyarmu ta dogaro sandarta ta zo ƙofar gida da gorar roba.

"Malam, an ce kana da ruwan teku. Ƙafar nan ce ta hana ni sakat."

Na yi mata bayani dalla-dalla cewa ruwan burtsatsen bayan masallaci ne, wanda take sha kullum, na zuba masa gishiri. Ta saurara har na gama, ta gyaɗa kai, ta miƙo gorar. Kafin La'asar mutum bakwai sun zo, ɗaya har daga Balan, mai ƙaiƙayi da mai sanyin ƙashi da wanda ya ce an yi masa jifa. Duk na hana. In na ɗebi gora ɗaya sai na sake auna komai.

Yanzu maganar da ke yawo a unguwa ita ce Malam Da'u ya kori matarsa ya kuma hana bayin Allah magani. Ban kori kowa ba. Tafiya aka yi aka bar ni.

Na ƙara kifi ɗaya a jerin, Mai Shara, wanda ke wuni yana tace yashi da bakinsa ba ya kula kowa. Da shi da Ɗan Kama za a fara.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan La'asar

Daga masallaci na hau babur na kama hanyar Gafasa. Na haddace jawabin ban haƙuri mai sakin layi uku. A Ajingi na tsaya sayen mangwaro, ina bitarsa a zuci, sai na lura sakin layi na biyu ya sake komawa kan teku, na ukun kuma yana da misalai.

Na juyo. Mangwaron ma tsami.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Na roƙi Yaya Hure ta je min biko. Ta tafi da safe. Ɗazu na ji tsayuwar adaidaita, na miƙe, na gyara hula, har na kawar da kwanukan da ke kan kujera. Yaya ce ta shigo ita kaɗai, tana ɗauke da bokiti an ɗaure bakinsa da buhu.

"Yaya, mace na aike ki ki ɗauko."

"Ai macen ce. Buɗe ka gani."

Tarwaɗa ce. Baƙa wuluk, ta kai tsawon damtsena, tana ta kaɗa gashin baki.

"Surukinka ya ce a gaida malamin teku. Ya ce shi bai yi boko ba, amma ga gudummawarsa, da hannunsa ya kama ta jiya. A saka masa ita cikin gilashin nan, ba a randa ba, ba a baho ba. Juma'a ta sama zai zo ya duba ta. In ya tarar da amanarsa lafiya, sai a yi maganar ɗaya amanar."

"Yaya, tarwaɗa kifin ruwan daɗi ce. In ta shiga nan ba za ta kai Isha ba."

"Ashe gaskiyarsa, gishiri yana kashe kifi."

"Ba haka ba ne. Shi kifin teku, jikinsa an halicce shi ne..."

"Ka ji irinta ko? Bakin nan dai."

Na rufe bokitin. Can na ce, "Kin ga Wasila?"

"Na gan ta. Ta yi ƙiba."

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Kyautar suruki ba a mayar da ita, ba a kashe ta, ba a kuma yi masa bayani. Na ukun nan ni na jawo.

Laraba, 30 ga Afrilu, azahar

Na kira Abdulhakeem da dabaru uku.

Ta farko, a riƙa ƙara mata gishiri kaɗan-kaɗan har ta saba. Ya ce, "Sa, a kwana tara? Ko shekara tara ne, sai dai jikokinta su yi maka Allah ya isa."

Ta biyu, a raba tankin da gilashi, rabi teku rabi kogi. Ya ce inji ɗaya ne ke juya ruwan, kuma duk mai gilashin da ya ce min zai iya, in riƙe takalmina in gudu.

Ta uku, wadda na fi alfahari da ita: in sa ta cikin babbar kwalba da ruwan daɗi, in nutsa kwalbar a tanki. Ai cikin gilashin take.

Ya ce, "Sa, surukin naka wawa ne?"

"A'a."

"To."

Na tambaye shi ko zan iya juye ruwan a durom in ajiye. Ya ce a zafin Gaya, babu inji, kwana biyu duwatsun za su ruɓe, wari ya kore ni daga gidan. Gishirin da ya aiko kuma ya ƙare, wani ba zai samu ba sai bayan damina. Ya tuna min cewa ranar Alhamis takwas ga wata Ɗan Kama biyu da Mai Shara za su sauka a filin jirgin Kano, in je in tarye su.

Alhamis su, Juma'a Baba, surukina.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan Asuba

Tana baho a tsakar gida. Sau biyu tana tsallakewa. Yau na tsince ta tana jan ciki a ƙasa ta nufi ƙofar gida. Har ita.

Na ba ta abincin kifin da Abdulhakeem ya aiko, mai hoton murjani a gwangwani, ta ƙi kallonsa. Na jefa mata ragowar taliyata ta cinye tas. A duk faɗin ƙaramar hukumar nan ita kaɗai ta yaba girkina.

Lahadi, 4 ga Mayu, la'asar

Na kira lambar Wasila. Ta yi ƙara har ta gaji. Layin dai yana da kyau.

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sati shida cif. Na auna komai sau biyu. Ruwa ya nuna.

Na ja kujera na zauna gabansa. Ashe ba fanko ba ne. Duwatsun sun fara yin wani ja-ja mai kama da lalle. Wasu 'yan halittu kamar ƙwayar gero suna ta kai-kawo a yashi. A dutsen kusurwa akwai wani abu da ban taɓa lura da shi ba, ɗan bututu siriri, sai ya buɗe kansa kamar furen auduga, in na matsa ya shige, in na natsu ya sake fitowa. Daga teku ya taho a maƙale, ya ratsa Legas da Lokoja da Kaduna a bayan mota, bai mutu ba. Ban sa shi a jerin ba, shi ya kawo kansa.

Na fi awa ina kallonsa. Na juya in ce wa wani ya zo ya gani.

Gishiri daidai. Komai daidai.

Talata, 6 ga Mayu, bayan Magariba

Ba a zubar da jarka hamsin na ruwan gishiri a tsakar gida. Zogalen Wasila yana nan, da lallenta, da na'ana'ar da na yi wata guda ina ba ruwa ba tare da an sa ni ba. In na ƙone su, ko kifin Annabi Yunusa na saka a tankin ba za ta dawo ba.

Don haka na leƙa na ce wa Gwaggo Hanne ta zo da gorarta.

Ban san da me labari ke tafiya a garin nan ba. Kafin Azahar layi ya kai bakin titi. Jarka, bokiti, buta, wani da tukunyar shayi. Na tsaya riƙe da tiyo ina shela cewa ba a sha, a jiƙa ƙafa kawai, kuma ruwan burtsatse ne. Wani dattijo ya ce, "Ka ji tawali'u irin na masu ilimi." Gwaggo Hanne ta sa min albarka har da hawaye. Sati biyu da suka wuce ni ne marowacin unguwa.

Duwatsun na jera su a gindin katanga. Ban duba na kusurwar ba.

Na kira Abdulhakeem na ce kada ya turo. Ya ce, "Sa, ka tabbata?" Na ce tiyon yana hannuna. Ya ce to Ɗan Kama zai wuce Abuja, akwai mai so. Na ce Allah ya sa ya fi jin daɗi a can, dama kowa can yake hari.

Laraba, 7 ga Mayu, azahar

Wanki uku na yi wa gilashin. Bayana ya riƙe. An yi yayyafin farko, ban fita ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, la'asar

Na cika shi da ruwan daɗi na saka ta. Tanki mai tsawon gado, da fitila mai shuɗin haske, da injin da ke kwaikwayon igiyar ruwa. Ta zagaya sau ɗaya, ta je kusurwa ta kwanta kamar silifa da aka yar.

A daidai wannan lokacin ya kamata a ce ina filin jirgi.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan Magariba

Sun zo bayan an sauko daga masallaci. Baba ya shigo shi kaɗai. Wasila ta tsaya a zaure, ina hango gefen mayafinta.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Sannan ya taka zuwa tankin, ya sunkuya, suka kalli juna shi da tarwaɗarsa. Ya naɗe hannun riga, ya tsoma yatsa, ya kai baki.

"Ina gishirin?"

"Na zubar, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"Ikon Allah. Teku guda. To me ya yi zafi?"

"Zai kashe ta, Baba."

"Gishirin?"

"Shi."

"Yana kashe kifi ke nan."

Allah ne shaidata, amsar ta taso min har maƙogwaro, da sakin layinta uku da misalanta. Na ji ta tana ƙwanƙwasa haƙorana. Na sunkuyar da kai na kalli ƙafafunsa, duk faso, na haɗiye ta. Ta fi taliyata wuyar haɗiya.

"Yana kashewa, Baba. Abin da na faɗa a gidan suna kuma ban kyauta ba. A yafe min."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya sake leƙa tankin.

"Ta rame. Me kake ba ta?"

"Taliya."

"Taliya!" Ya ɗaga murya. "Ke Wasila! Shigo ki ga yadda aka ramar min da kifi. Wannan sai kin tsaya a kanta da kanki, in ba haka ba kafin in dawo ta zama igiya."

Ta shigo da jakarta. Ba ta kalle ni ba. Ta kalli falon, ta kalli kwanukan, ta ce, "Malam, sannu da gida," da wata murya da na san zan biya bashinta a hankali.

Na raka Baba bakin adaidaita. Ya ce duk farkon wata zai riƙa zuwa duba amanarsa, kada a canja mata wuri. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya juyo.

"Shekarar da na sauke farali an kai mu bakin teku a Jidda. Kifi kamar ƙasa, Malam Da'u. Wani ja, wani shuɗi, wani kamar an yi masa zane da alli. Na ɗanɗani ruwan ma, ɗaci kamar kanwa." Ya gyara zama. "Kai ka taɓa gani kuwa?"

"Ban taɓa ba, Baba."

"Allah ya nuna maka. Abin kallo ne."

Ban tambaye shi komai ba. Mai adaidaita ya ja.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan Azahar

An yi tuwo da miyar kuka. Na ci har na ji kunya.

Wasila ta tsinci takardar jerin kifayena a ƙarƙashin kujera. Ta sa na nuna mata hotunansu a waya. Ta ce Ɗan Kama yana da kyau, Wanzami ya san abin da yake yi, Beguwa kuwa ko bayan ranta ba za ta shigo mata falo ba. Na ce ai duk wannan sai tankin ya samu sarari. Ta ce, "Wannan kuma tsakaninka da Baba."

Na faki idonta na kira Abdulhakeem, na tambaye shi, don ilimi kawai, shekara nawa tarwaɗa take yi a duniya. Ya ce in ta samu kulawa takan haura goma.

Yanzu haka Wasila tana yanka mata hanjin kaza ƙanana-ƙanana, tana cire mata kitsen.